Kalmar “brave” a Turanci da fuskokin yabon da take ɗauke da su

A shekarar 1856, yayin da Yaƙin Kirimiya ke ƙarewa, Birtaniya ta ƙirƙiro lambar yabo mafi daraja da take bai wa sojojinta, aka kuma sanya mata sunan Sarauniya Victoria. Shawarar farko ita ce a zana kalmomin “For the Brave” a jikin lambar, wato wannan ta jarumai ce. Sarauniyar ba ta amince ba, domin a ganinta rubutun zai nuna cewa duk sojan da bai samu lambar ba ba jarumi ba ne. Sai aka mayar da shi “For Valour”, wanda ke yabon aikin da aka yi maimakon ware wani rukunin mutane, kuma haka rubutun yake har yau.

Wannan ƙaramin gyara ya tona abin da ƙamus ba ya saurin faɗa. Ɗalibi yakan haɗu da “brave” tun yana firamare, a ce masa ma'anarta jarumi ko marar tsoro, ya riƙe hakan har ya girma yana fassara ta haka a duk inda ya tsince ta. Alhali kuwa kalmar hukunci ce da mai magana ke yankewa a kan wani, kuma ba a gane abin da take nufi sai an san wanda ya furta ta, da wanda aka faɗa wa, da kuma ko mai maganar zai yarda shi kansa ya aikata abin da yake yabawa. A bakin janar tana nufin abu ɗaya, a bakin ma'aikaciyar jinya tana nufin wani, a bakin babban sakataren ma'aikata a Landan kuwa tana iya zama gargaɗin da aka naɗe cikin ladabi.

Kalmar baƙuwa ce a Ingilishi. Ta shigo ne wajen ƙarshen ƙarni na 15 daga Faransanci, su kuma Faransawa sun aro ta daga “bravo” ta Italiyanci. Masana asalin kalmomi sun yi saɓani kan tushenta na can baya, amma da yawansu suna danganta ta da kalmar Latin “barbarus”, wadda Rumawa ke kiran baren da suke ɗauka bai waye ba. Ko ma mene ne tushen, ma'anar da ta fara ɗauka a harsunan kudancin Turai ta fi kusa da abin da bai horu ba, mai zafi, wanda ba a iya juya shi. Har yanzu Sifaniyawa suna kiran bijimin da ake karawa da shi a fage “toro bravo”, gaɓar teku mai duwatsu da ke yankin Kataloniya sunanta Costa Brava, kogin da Amurkawa ke kira Rio Grande kuma mutanen Meziko suna ce masa Río Bravo. A arewacin Italiya na ƙarni na 16 da na 17, 'yan barandan da masu hali ke ɗauka haya domin su tsoratar da abokan gaba ko su kashe su “bravi” ake kiransu. Ke nan a farkon tafiyarta kalmar ba ta da wata alaƙa ta dole da nagarta, ƙarfi da zafin rai kawai take nunawa.

Da ta zauna a Ingila sai ta rabu gida biyu, kuma gida na biyun shi ne wanda ke ruɗa mai karanta tsohon Turanci. A ƙarni na 16 da na 17 “brave” tana nufin mai ƙarfin zuciya, tana kuma nufin mai kyan gani, wanda ya sha ado, ko abin da ya ƙayatar. A fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, an yi amfani da “bravery” a littafin Ishaya da ma'anar ƙawar kayan adon mata, babu batun yaƙi ko kaɗan a wurin. Alaƙar ma'anonin biyu ba ta da wuyar ganewa idan aka tuna cewa mayaƙin wancan zamani yana fita ne da tufafi masu launi da gashin tsuntsu a hula, kamar yadda barde ke fita ranar hawan salla, ta yadda adon da zuciyar duka abin nunawa ne a gaban jama'a.

Shakespeare ya yi amfani da ma'anonin biyu. A farkon wasan Macbeth, sojan da ya dawo daga fagen fama ya kira Macbeth “brave” saboda yadda ya keta rundunar 'yan tawaye da takobi. A wasan The Tempest kuwa, Miranda, budurwar da ta tashi a tsibiri ba ta saba ganin mutane ba, ta hangi tawagar manyan mutanen da hadari ya jefo gaɓarsu, sai ta yi mamakin wannan “brave new world” mai irin waɗannan mutane. Nufinta sabuwar duniya mai ban sha'awa. Mai kallo kuwa ya san cewa cikin mutanen da take sha'awa har da waɗanda suka ƙwace sarautar mahaifinta, shi ya sa mahaifin ya amsa mata da cewa a wurinta ne duniyar take sabuwa. Wannan gatsen ne Aldous Huxley ya ɗauko a 1932 ya sanya wa littafinsa suna, littafin da ke siffanta al'ummar da ake ƙyanƙyashe mutane a kwalba, a kwantar musu da hankali da ƙwaya. Daga nan jimlar ta zama ta 'yan jarida, kuma idan yau jaridar Turanci ta kira zamanin fasahar kwamfuta mai kwaikwayon tunani “brave new world”, ba jarumtar kowa take yabo ba, yawanci ma shakku take nunawa. Mai fassarar da ya rubuta “jarumar sabuwar duniya” ya yi kuskure sau biyu a jimla ɗaya.

Ma'anar ado ta dusashe a daidaitaccen Turanci, ko da yake ta tsira a Sikotland cikin kalmar “braw”, wadda ke nufin mai kyau. A sauran harsunan Turai kuma kalmar ta bi wata hanya dabam da ta fi ba da mamaki. Bajamushe idan ya ce yaro “brav” ne, yana nufin mai jin magana ne, wanda ba ya ƙiriniya. Bafaranshe idan ya ce “un brave homme” yana nufin mutumin kirki, wani lokaci da ɗan raini a ciki, irin na wanda ake tausaya wa. Italiyawa sun mayar da ita yabon gwaninta, daga nan ne aka samu “bravo” da masu kallo ke ɗaga murya da ita bayan waƙa ko wasa. Kalmar da ta faro daga bijimin da ya ƙi horo ta ƙare a kan yaro mai ladabi, ita kuwa “bold”, wadda ita ce ta gado a Ingilishi tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, a bakin mutanen Ayalan ta koma nufin yaro marar jin magana.

A Amurka kalmar ta zama suna, kuma a nan tarihinta ya yi nauyi. Turawan da suka mamaye nahiyar sun riƙa kiran mayaƙin 'yan asalin ƙasar “a brave”, sunan da a sama yake kama da girmamawa, amma yana ɗauke da tsohon warin nan na wanda bai waye ba. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa ne ake yaba wa zafin faɗa, ba tare da an ambaci abin da suke karewa ba. Ƙungiyar wasan ƙwallon sanda ta Atlanta Braves, wadda ta taso daga Boston ta biya ta Milwaukee a 1953 kafin ta zauna a Atlanta a 1966, har yanzu tana amsa wannan suna, duk da cewa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta birnin Washington ta ajiye nata tsohon sunan a 2020 saboda ƙorafin 'yan asalin ƙasar, ta Cleveland ma ta sauya nata daga baya. A ɗaya gefen kuma, taken ƙasar Amurka, wanda Francis Scott Key ya tsara baitocinsa a 1814 bayan ya ga ruwan wutar da jiragen Birtaniya suka yi wa sansanin McHenry a Baltimore, yana rufewa ne da kiran ƙasar gidan “the brave”. Kalma ɗaya ce, amma wadda ke cikin taken yabon kai ce, ɗayar kuwa laƙabi ne da mai nasara ya manna wa wanda ya kayar.

Malaman Turanci suna son raba “bravery” da “courage” da layi madaidaici. Sukan ce ta farko ita ce afka wa haɗari nan take ba tare da jin tsoro ba, ta biyu kuwa ita ce mutum ya ji tsoron, ya auna abin da zai biyo baya, sannan ya yi abin da ya kamata. Rabon yana da daɗin koyarwa, amma masu harshen ba sa kiyaye shi, domin kullum za ka ji an kira mutumin da jikinsa ke rawa “brave”. Bambancin da ya tabbata yana wajen abokan tafiyar kowace kalma. “Courage” ta fito ne daga “cor”, wato zuciya a Latin, ta shigo ta Faransanci wajen shekarar 1300, kuma Turawa suna ɗaukarta kamar wani abu da ke ajiye a ƙirji, wanda ake tattarowa, ake rasawa, ake kuma ƙara wa wani. Daga gare ta aka samu “encourage” da “discourage”, inda Bahaushe zai ce ƙarfafa gwiwa da karya gwiwa. Ita ake haɗawa da tsayuwa kan ra'ayi da faɗin gaskiya a gaban mai iko. Har ƙarfin halin da giya ke bai wa mutum suna kiransa “Dutch courage”, zambon da ake dangantawa da gabar da ke tsakanin Ingila da Holan a ƙarni na 17. “Bravery” kuwa abin gani ce, ita ce ake ba da lamba a kanta. Sannan akwai bambancin mataki, domin “courageous” ta jawabin shugabanni ce da takardun yabo, “brave” mai gaɓa ɗaya kuwa ta cikin gida ce.

A cikin gidan ne ma'anarta mafi yawan amfani take, kuma ita ce mafi nisa daga fagen yaƙi. Uwa takan ce wa ɗanta mai shekara huɗu ya zama “brave” idan za a yi masa allura, in ya fito bai yi kuka ba a kira shi “brave boy”. Babu wanda ke nufin yaron ya zama sadauki, ana nufin ya daure, ya cije, ya yi ta maza. Haka nan wanda aka ce ya sanya “brave face” bayan asara ko mutuwar aure, ɓoye damuwarsa ya yi don kada mutane su gani, kuma jimlar da kanta tana shaida cewa a ciki ba haka abin yake ba. Idan kalmar ta zama aikatau, kamar a ce masu zaɓe sun “brave” ruwan sama, ma'anarta ba ta wuce cewa ruwan bai hana su fita ba. A duk waɗannan wurare dauriya da juriya sun fi jarumta dacewa.

Daga wannan ma'ana ce aka samu al'adar jaridun Turanci ta siffanta mai cutar daji da cewa ya yi “brave battle”, in ya rasu a ce ya sha kaye a yaƙin. Marasa lafiya da yawa sun nuna ba sa son wannan salo, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Jarumta tana buƙatar zaɓi, wato mutum yana da damar gudu amma ya tsaya, alhali mai ciwo bai zaɓi ciwonsa ba. Bugu da ƙari, idan jinya yaƙi ce, to wanda ya mutu kamar bai yi ƙoƙarin da ya isa ba ke nan. Marubuciyar Amurka Susan Sontag ta soki wannan ɗabi'a ta lulluɓe cuta da kwatance tun a 1978. Stella Young, 'yar Ostireliya mai fafutukar haƙƙin nakasassu, ta bayyana a wani jawabi da ta yi a 2014 yadda baƙi ke tare ta su ce mata “brave” ba don ta yi wani abin a zo a gani ba, sai don kawai sun gan ta a keken guragu tana harkokinta. A irin wannan yabo mai magana yana faɗin wani abu ne game da kansa, wato shi da yana cikin wannan hali da bai iya rayuwa ba. Hausa ba ta cika shiga wannan tarko ba, domin mu mukan ce wane ya rasu bayan doguwar jinya, in za a yabe shi a yabi haƙurinsa.

Wannan tazara tsakanin mai yabo da wanda ake yabo ita ce Ingilishin Birtaniya ya mayar makami. Idan shugabanka a ofis a Landan ya saurari shawararka ya ce “that is very brave”, akwai yiwuwar yana gaya maka cewa ka tasar wa jefa kanka cikin rami. Wasan barkwancin siyasa na BBC mai suna Yes Minister, wanda aka fara nunawa a 1980, ya yi fice da wannan, inda babban sakatare Sir Humphrey ke hana minista aiwatar da abu ta hanyar kiran shawarar tasa “courageous”. A wasan an bayyana cewa shawarar da aka ce tana da cece-kuce ƙuri'u za ta rage maka, wadda aka ce ta ƙarfin hali ce kuwa zaɓen za ta kayar da kai. Haka ake yi wa wanda ya sanya tufafin da ba su karɓe shi ba, a ce masa zaɓinsa “brave” ne. Tun zamanin Aristotle an san cewa jarumta tana tsakanin ragwanta da ganganci ne, kuma gatsen Bature yana aiki ne ta hanyar kiran ganganci da sunan maƙwabciyarsa. Masu talla ma sun gane wannan iyaka mai santsi. A ƙarshen 2021 kamfanin cinikin kuɗin intanet na Crypto.com ya fitar da talla da ɗan wasa Matt Damon yana cewa sa'a tana tare da “the brave”, a daidai lokacin da farashin Bitcoin ke dab da ƙololuwarsa ta wancan lokaci, wato kusan dala 69,000, kafin watan Yuni na 2022 ya ƙare kuwa ya faɗo ƙasa da dala 20,000. Karin maganar tsohuwa ce ta Rumawa, kuma an ruwaito cewa marubucinsu Pliny Babba ya furta ta a shekara ta 79 sa'ad da ya nufi gaɓar da dutsen Vesuvius ke aman wuta, tafiyar da bai dawo daga ita ba.

Tambaya mafi wuya ita ce ko mugu yana iya zama “brave”. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 shugabannin Amurka sun kira maharan matsorata. Sontag ta rubuta a mujallar The New Yorker cewa duk abin da za a faɗa a kansu, ba matsorata ba ne, domin a ganinta ƙarfin zuciya hali ne da bai da ɓangare tsakanin alheri da sharri. Mai gabatar da shirin talabijin Bill Maher ya faɗi makamancin haka a tashar ABC, masu talla suka janye, shirin ya tsaya a shekarar da ta biyo baya. Ta fuskar mantiƙi maganar Sontag tana da wurin tsayawa, kuma tarihin kalmar, daga 'yan barandan Italiya zuwa Macbeth da ya kashe sarkinsa, yana bayanta. Amma a ganina ta yi wa yadda mutane ke magana a yau gurguwar fahimta. A Turancin zamani “brave” ta riga ta zama kyauta da ake bai wa wanda aka yarda da manufarsa, don haka jama'a suka ji maganar a matsayin yabo ko da marubuciyar ba ta nufi haka ba. Harshen ya tanadi wasu kalmomi domin marar tsoron da ba a so, irin su “brazen” da “audacious”, akwai kuma “bravado”, 'yar'uwar “brave” ta jini, wadda ke nufin cika baki da kurarin da babu zuciya a bayansa.

Turancin Nijeriya yana bin wannan rabo sau da ƙafa, ko da yake da nasa zaɓin kalmomi. Sanarwar rundunar soja ba ta cika cewa “brave” ba, “gallant troops” ta fi so, kalmar da ke ɗauke da ƙamshin barikin Birtaniya, ita ce kuma ke rubuce a sigar suna a jikin lambar George Cross da aka kafa a 1940. 'Yan fashin da suka tare hanya da rana tsaka kuwa “daredevil” jaridunmu ke kiransu. Hausa a nan ta fi sassauci, domin ƙarfin hali yana hawa kan na kirki da na banza, shi ya sa ake cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Saboda haka wanda ya mayar da ƙarfin halin wannan ɓarawo zuwa “bravery” ya ba shi lambar da Hausar ba ta ba shi ba, wanda kuma ya fassara “brave decision” ta ɗan siyasar Birtaniya da bajinta ya zubar da gatsen da ke ciki, inda kasada ce ta fi kusa da nufin mai magana.

Ita kanta kalmar jarumi ta samu sabon aiki tun da fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano, har ta kai mai karanta kanun labari idan ya ga “jaruma” yakan fara tunanin 'yar fim. Wannan yana da tasiri idan aka zo kan mutum irin Dokta Ameyo Stella Adadevoh, likitar da a watan Yuli na 2014 ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wani matafiyi da ya zo daga Laberiya, daga asibiti a Legas duk da matsin lambar da aka yi mata, domin tana zargin cutar Ebola ce ke jikinsa. Ta san haɗarin, tana da damar kauce masa, ta tsaya, ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta na wannan shekara, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Jaridun Turanci sun kira ta “brave” sun kuma kira ta “courageous”, kuma a kanta kalmomin biyu sun zauna ba tare da gatse ko tausayi ba. A Hausa gwarzuwa ta fi jaruma ɗaukar nauyin, idan kuma ana son ambaton halin da kansa, sadaukarwa ce ta haɗa tsayuwar da ta yi da abin da tsayuwar ta ci mata.